Kwanci da Ƙyanƙyasa: Kiwon Tsuntsayen Gida a Ƙasar Minjibir



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta duba ƙarami ne a ido, watau yadda ake kula da tsuntsayen gida tun daga lokacin da suka fara haɗa sheƙa har zuwa ranar da suka ƙyanƙyashe ƙwai. Wataƙila wani ya ce wannan sha'ani ne na yara da matan ƙauye, bai kai a tara masu ilmi dominsa ba. To, amma duk wanda ya zauna a karkara ya san cewa sau da yawa tattabara ita ce dukiyar farko da yaro yake mallaka, kaza da zabuwa kuwa su ne asusun da mace take fasawa ran da baƙo ya sauka ko ciwo ya tashi. Babban rabo na asarar da ake yi a wannan kiwo yana aukuwa ne a makonnin kwanci da 'yan kwanakin da ke biye da su. Maganar da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa a nan guda ɗaya ce: tsuntsuwa ba ta bukatar a koya mata kwanci. Aikin mai kiwo shi ne ya tanadar mata wuri da abinci da tsaro, sa'an nan ya janye hannunsa. Za a ɗauki misalai daga ƙasar Minjibir, domin yanayin zaman mutanenta ya sa wannan al'amari ya fito fili.

Ƙasar Minjibir da Tsuntsayenta

Garin Minjibir yana arewa maso gabas da birnin Kano. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 213,794 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 416, watau fiye da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. Wannan yanki yana cikin ƙasar nan mai cunkoson gonaki da ta kewaye Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka yi rubutu a kanta a shekarar 1965 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da suka nuna shi ne cewa manoman wannan yanki ba su barin gona ta yi saura. Kowace shekara ana nome ta, ana kuma raya ta da takin dabbobi da na bola, wanda a wancan zamani jakuna ne suke ɗaukowa daga birni.

Wannan yana da nasaba da tsuntsaye ta fuska biyu. Ta farko, inda babu saura babu duhuwa, zabuwa ba ta da sarƙaƙiyar da za ta ɓoye ƙwanta, kuma abin da ya rage wa tsuntsun daji shi ne rassan gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da aka bari tsaye cikin gonaki. Saboda haka gidan manomi ya zama shi ne mafakar tsuntsuwa mai kwanci, nauyin da daji yake ɗauka a da ya dawo wuyan mutum. Ta biyu, a wurin da taki yake da daraja irin wannan, kashin tattabara kansa dukiya ne, musamman ga masu noman rani a bakin madatsar ruwan Wasai. Mutanen wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Isfahan ta ƙasar Farisa, a ƙarni na 17, an gina dogayen hasumiyoyi na ƙasa domin dubban tattabaru su yi sheƙa a ciki, a riƙa kwashe kashinsu zuwa gonakin kankana, kuma har gobe ana ganin irin waɗannan ɗakuna a ƙauyukan Misira.

Abin da Harshe Ya Adana

Kafin a shiga ilmin zamani, ya kamata a saurari abin da Hausa ta riga ta faɗa. Bahaushe ya bambanta sheƙa da gurbi. Sheƙa ita ce wadda tsuntsu yake haɗawa da tsinke da ciyawa, galibi a sama. Gurbi kuwa shi ne ɗan ramin da kaza ko zabuwa take tonawa a ƙasa ta nasa ƙwai. Zaman da take yi a kan ƙwan shi ne kwanci, fitowar ɗan kuwa ita ce ƙyanƙyasa. Ɗan kaza tsako ne, ɗan tattabara kuwa ɗan shila. Bambanta sunayen nan biyu yana da dalili, kamar yadda za a gani nan gaba.

Kalmar da ta fi kowace koyarwa ita ce baragurbi. In aka warware ta, sai a ga "bar a gurbi", watau ƙwan da uwa ta tashi da 'yan tsakinta ta bar shi a baya domin ya lalace. Daga nan ne aka ari kalmar aka liƙa wa mutumin da ya fita zakka cikin danginsa ko abokan aikinsa. Al'ummar da ta ƙirƙiri suna na musamman domin ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, lalle ta daɗe tana ƙirga ƙwai tana lissafin asara. Tambayar da ta rage ita ce, me ke mai da ƙwai baragurbi?

Abin da Ke Gudana Cikin Ƙwai

Ƙwai mai ɗa yana bukatar abu huɗu: ɗumi, danshi, iska da juyi. Ɗumin da ake so shi ne kimanin digiri 37 da rabi a ma'aunin santigireti. Domin ta ba da wannan ɗumi, tsuntsuwa mai kwanci takan zubar da gashin ƙirjinta, fatar ta taɓa ƙwan kai tsaye. In ƙwai ya ɗan huce na ɗan lokaci, ɗan da ke ciki yakan jure. Amma in zafi ya wuce digiri 40 ya daɗe a haka, mutuwa yake yi. Wannan ya sa zafin bazara ya fi sanyin hunturu haɗari ga ƙwai.

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska take shiga, ta nan kuma ruwa yake fita, har ƙwan ya rage nauyi da kimanin kashi 12 cikin 100 kafin ƙyanƙyasa. Gurbin da ruwan ya bari a faffaɗan gefen ƙwai shi ne inda ɗan tsako yake fara shaƙar iska kafin ya fasa ɓawo. In iska ta bushe ƙwarai, kamar a tsakiyar hunturu, ruwan yakan fita fiye da kima, tantanin ciki ya yi tauri, ɗan tsako ya maƙale ya kasa fitowa. In kuwa aka wanke ƙwai da ruwa ko aka shafe shi da hannu mai maiƙo, to, an cire masa kariyarsa ko an toshe masa ƙofofin numfashi. Juyi kuma uwa ce take yinsa da bakinta sau da yawa a yini, don kada ɗan ya manne wa ɓawo.

Kowace tsuntsuwa da kwanakinta. Kanari yana ƙyanƙyasa cikin kwana 13 ko 14, tattabara kwana 18, kaza kwana 21, zabuwa kwana 26 zuwa 28, talo-talo kwana 28, agwagwar da aka saba kiwo a gidajen Hausa kuwa sai ta yi kwana 35. Mai kiwon da bai riƙe wannan lissafi ba yakan gaji da jira, ya fasa ƙwai don ya duba, ya tarar da ɗa mai rai da saura kwana biyu ya fito.

Tattabara

Tattabara ta cancanci a fara da ita, domin ita ce tsuntsuwar da ake kiwo don sha'awa kamar yadda ake kiwonta don nama. Malamai sun daɗe suna lura da ita. Al-Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9, ya yi dogon bayani a kan halayenta cikin littafinsa na dabbobi, Darwin kuma a Ingila ya yi kiwon tattabaru da kansa kafin ya wallafa littafinsa na shekarar 1859.

Tattabaru aure suke yi, namiji ɗaya mace ɗaya, kuma galibi ba su rabuwa sai in mutuwa ta raba su ko mai kiwo. Macen takan yi ƙwai biyu rak, na biyun yana zuwa kusan kwana biyu bayan na farko. Kwancin kuwa raba shi suke yi. Namiji yakan karɓa daga hantsi zuwa la'asar, macen ta kwana a kai har wata hantsin. Daga nan za a fahimci cewa wanda ya sayar da namijin ko ya yanka shi a tsakiyar kwanci ya kashe ƙwan ke nan, domin macen ba ta iya riƙe aikin ita kaɗai. Haka kuma gwauron namiji a cikin ɗakin tattabaru fitina ne, domin yakan shiga sheƙar wasu, a yi faɗa, ƙwai ya fashe. In kuwa aka ga ƙwai huɗu a sheƙa ɗaya, mai yiwuwa ne mata biyu suka haɗu, kuma sau da yawa irin wannan ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa.

Ga dalilin bambancin tsako da ɗan shila. Tsako yana fitowa da gashinsa, idonsa a buɗe, cikin yini guda ya fara tsattsagar abinci. Ɗan shila kuwa yana fitowa kusan tsirara, idonsa a rufe, ba ya iya cin ƙwayar hatsi. A kwanakin farko uwa da uba duka suna ɗura masa wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, wanda yake taruwa a 'yar jakar da ke ƙasan wuyansu, inda hatsi yake sauka kafin ya wuce ƙundu. A farkon shekarun 1930 wani masani ɗan Amurka, Oscar Riddle, da abokan aikinsa suka ware sinadarin da ke sa wannan nono ya taru, aka sa masa suna furolaktin, kuma shi ne dai yake kawo nonon mace mai jego. Ma'aikacin da ya sayi injin ƙyanƙyasa ya san cewa injin yana iya fitar masa da 'yan tsaki, amma ko ya fitar da ɗan shila ba shi da nonon da zai ba shi.

Wani abin lura shi ne cewa macen takan sake yin ƙwai tun 'yan shilan farko suna da kimanin mako biyu, alhali ba su barin sheƙa sai sun kai mako huɗu ko fiye. Saboda haka kowane aure na tattabaru yana bukatar mazauni biyu kusa da juna. In ɗaya ne kawai, sai ta nasa sabon ƙwai cikin kashin manyan 'ya'yan, su tattake shi. Wanda ya kiyaye wannan yana iya samun 'yan shila 10 zuwa 12 a shekara daga aure guda.

Zabuwa da Kaza

Zabuwa da damina take ƙwai, tana kuma yinsa da yawa. Amma tana da tsoro, tana son ɓoye gurbinta nesa da gida, in kuma ta ga an taɓa shi sai ta ƙaurace masa. Ko ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe da yawansu. Dabarar da manoman ƙasar Hausa suka daɗe da ita ita ce su kwashe ƙwan zabi su sa wa kaza mai kwanci. Kazar Hausa tana iya rufe nata ƙwai 10 zuwa 12, na zabi kuwa da yake ƙanana ne takan rufe kimanin 15. Haɗama a nan asara ce, domin in ƙwan ya fi ƙarfin fikafikanta, na gefe yana hucewa, kuma da yake tana juya su kullum, sai sanyin ya zagaya kan dukkansu.

In ana so a haɗa ƙwan zabi da na kaza a gurbi ɗaya, sai a fara sa na zabin, bayan mako guda a ƙara na kazar, don su fito tare. In aka sa su rana ɗaya, kaza takan tashi da 'yan tsakinta a kwana na 21 ko 22, ta bar na zabi su zama baragurbi. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce mako guda a ajiye, a kuma ajiye shi a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, tsininsa yana kallon ƙasa.

Aikin Mai Kiwo

Na farko shi ne wuri. Tsohuwar tukunya ko tulun da aka kwantar a kan katanga, da ɗakin ƙasa mai ramuka, sun fi gwangwani da garwa da akwatin da aka rataya ƙarƙashin rufin kwano. Yumɓu yana jinkirin ɗaukar zafi, ƙarfe kuwa a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yakan haura digiri 40, tanderu ne. Bakin sheƙa kada ya kalli gabas, inda hadari da iskar hunturu suke fitowa. A zuba ɗan yashi a ƙasan tukunya don kada ƙwai ya gangara, a kuma ajiye wa tattabaru tsinke da busasshiyar ciyawa su ɗiba da kansu. Gurbin kaza kuwa ya fi kyau a ƙasa, a lungu mai duhu, domin danshin ƙasa yana taimakon ƙwai a lokacin hunturu.

Na biyu shi ne abinci da ruwa. Dawa da gero kaɗai ba su isar tsuntsuwar da ke yin nono. Tana bukatar wake ko ɗan ƙuli-ƙuli, kuma wake ba baƙo ba ne a Minjibir, inda ake shuka shi tsakanin kunyoyin dawa da gero, inda kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi, mai hedkwata a Ibadan, take da gonar gwajin irinsa. Tana bukatar tsakuwa ƙanana don niƙa a ƙundu, da ɗan gishiri, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, don ɓawon nata ƙwan ya yi ƙwari. Ruwa mai tsabta kada ya yanke a kasko, na sha daban na wanka daban, domin danshin da tsuntsuwa ta komo da shi a gashinta yana amfanin ƙwai.

Na uku shi ne tsaro. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma mai kwanci abokan gabanta na dare ne: muzuru da ɓera da gafiya da maciji. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan ɓarna don ba a ganinsu, watau ƙuma da kaska da ke ɓuya a tsagar bango su fito da dare su sha jini, har tsuntsuwa ta kasa zama ta gudu ta bar ƙwai. Maganin wannan kafin kwanci ake yinsa: a share ɗaki, a ƙone tsohuwar sheƙa, a yaɓe tsaga, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya. Fesa fiya-fiya a kan tsuntsuwa da ƙwanta guba ce ga su duka biyun, da kuma yaran gidan.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne janye hannu. Kada a matsar da sheƙa bayan an fara kwanci, domin tattabara wurin take ganewa, in an gusa da shi ko kaɗan sai ta yi watsi da ƙwan. Duba ɗaya ya isa: a kwana na 7, da dare, a haska ƙwai da tocila. Mai ɗa za a ga jijiyoyin jini sun bazu a cikinsa, wanda ba shi da ɗa kuwa za a gan shi fayau, sai a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe. Ranar ƙyanƙyasa kuma kada a ɓare wa tsako ɓawo don tausayi. Daga tsagar farko zuwa fitowa yakan ɗauki kusan yini da kwana, kuma a wannan lokaci ne yake janye sauran gwaiduwa da jini zuwa cikinsa. Wanda ya yi masa gaggawa ya zubar masa da jini.

Cuta

Annobar kaji da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma tattabaru suna da irin tasu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a shekarar 1924, tana yin allurar rigakafinta, har da irin da ke jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Murar tsuntsaye kuwa an tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a watan Fabrairu na shekarar 2006, ta kuma sake dawowa Kano a shekarar 2015. Ƙofar da cuta ta fi shigowa ta ciki ita ce kasuwa. Tsuntsun da aka sayo a ware shi mako biyu ko uku kafin ya shiga cikin masu kwanci. Tattabarar da aka ga wani rawaya-rawayan abu a maƙogwaronta kuma a yi mata magani kafin ta yi ƙwai, domin ta hanyar ɗura take sa wa 'yan shila wannan ciwo.

Tsuntsayen Keji

Duk abin da aka faɗa ya shafi tsuntsayen da ke hayayyafa a gida. Akwai wasu da ake ajiyewa don ado ko don murya, waɗanda galibi daga daji ake kamo su. Aku yana sheƙa ne a kogon itace cikin kurmi, kuma yawan kwasar 'ya'yansa ya sa a shekarar 2016 taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Gauraka, da a da ake gani yana taƙama a gidajen sarakuna da attajirai, ya kusa ɓacewa daga fadamun Nijeriya. Mai sha'awar tsuntsu ya kamata ya tambayi kansa daga wace sheƙa abin da ke kejinsa ya fito. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta.

Kammalawa

An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma mai yunwa ba a ganin laifinsa in ya bi wannan karin magana. Amma gidan da ke son kiwonsa ya ɗore dole ne ya bar wani ƙwan a gurbi, ya kuma yi haƙurin kwanakinsa. Malaman gona da ke zagaya ƙauyukan Minjibir da Kunya da Wasai za su amfani jama'a in suka sa allurar rigakafi da gyaran akurki cikin aikinsu kafin hunturu ya kama, suka kuma nemi matan gida da samari, domin su ne masu tsuntsayen. Ɗaliban Hausa kuwa suna da aiki a gabansu na tattara sunayen ire-iren tattabaru da kalmomin kiwonsu daga bakin dattawan da suka san su, a rubuta su tun masu su suna raye. Allah ya sa albarka a abin da aka ji.